Da Wane Mudu Ake Auna Ɗan Wasa? Waiwaye Kan Jan Katin Sani Kaita

A makon Kirsimetin da ya wuce, samarin ikilisiyarmu da ke nan yankin Ɗanzomo suka kara da na wani ƙauye maƙwabcinmu a filin makarantar firamare. Ana kunnen doki, ci 1 da 1, har saura ƙiris alƙalin wasa ya hura usur, sai yaron da ke riƙe mana tsakiyar fili ya juya ya mayar wa mai tsaron gidanmu ƙwallo. Bugun bai yi ƙarfi ba, ga filin namu kuwa yashi ne, ƙwallon ta tsaya a hanya, wani dogon yaro daga cikin baƙin ya tsince ta ya zura a raga. Aka tashi 2 da 1.

Kafin magariba an raɗa wa yaron nan sabon suna, wai Sani Kaita. Shi ne ke kaɗa mana ganga a ƙungiyar mawaƙa, amma Lahadi uku a jere ba mu ga ƙeyarsa a majami'a ba. Yawancin masu kiransa da wannan suna suna goye ko suna rarrafe lokacin da abin ya faru, sun dai tarar ana faɗa ne. Wannan ya sa na ga ya kamata in ɗan waiwaya tare da masu karatu, mu duba abin da ainihin Sani Kaita ya yi da abin da bai yi ba, domin ni ma ina cikin waɗanda suka zage shi a wancan lokaci.

Ran Alhamis ce, 17 ga watan Yuni na 2010, ranar kasuwar Maigatari. Da ƙarfe 3 na rana agogonmu Nijeriya ta shiga fili da ƙasar Girka a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu, a wasanta na biyu a gasar cin kofin duniya. Ni ina saurayi, a wani gidan kallo a Gumel na kalla, an cika maƙil, ga zafi ga ƙarar janareta. Ajantina ta riga ta ci mu 1 da nema ran 12 ga wata, saboda haka kowa ya san wannan wasa ba na sake ba ne. A minti na 16 Kalu Uche ya yi bugun tazara, ƙwallon ta wuce kowa ta faɗa raga. Girka kuwa a lokacin ba ta taɓa cin ko ƙwallo ɗaya a tarihin gasar ba, mu ma a 1994 mun ba ta 2 da nema ta ƙafar Finidi George da Daniel Amokachi. Muka fara lissafin zagaye na gaba.

A minti na 33, ƙwallo ta riga ta fita daga fili, sai ɗan hargitsi ya tashi a bakin layi tsakanin Kaita da Vasilis Torosidis. Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri. Alƙalin wasa Oscar Ruiz, mutumin Kolambiya, bai yi wata-wata ba ya zaro jan kati. Kaita ya durƙusa, daga baya ya ja rigarsa ya rufe fuska ya fita. Minti ɗaya kafin hutun rabin lokaci Dimitris Salpingidis ya farke, a minti na 71 kuma Torosidis ɗin nan dai ya ƙara ta biyu. Daga baya mai magana da yawun tawagar ya shaida wa manema labarai cewa an aiko wa Kaita saƙonnin barazanar kisa sama da 1,000. Wanda duk ya san abin da ya sami Andres Escobar na Kolambiya, wanda aka harbe a birnin Medellin ran 2 ga Yuli na 1994, kwana goma bayan ya ci gida bisa kuskure a wasansu da Amurka, ba zai ɗauki irin waɗannan saƙonni da wasa ba.

Ba zan wanke Kaita ba, shi ma bai wanke kansa ba, ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa. Laifinsa ba irin na wanda ƙwallo ta kuɓuce wa ba ne, fushi ne ya kwashe shi, kuma iya danne zuciya yana cikin abin da ake biyan ƙwararren ɗan wasa dominsa. Ya bar abokansa goma su yi minti 57 suna aikin mutum goma sha ɗaya. Mai koyar da 'yan wasan Girka, Otto Rehhagel, yana ganin haka ya cire mai tsaron baya ya sako ɗan gaba, Georgios Samaras, wasan kuma ya juya. Duk wannan gaskiya ne, a ɗora shi a kan sikeli da cikakken nauyinsa.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na sake kallon wasan nan a waya bayan shekaru, da zuciya a kwance, sai na ga abubuwan da ɓacin rai ya rufe mini ido a kansu. Ƙwallon farko ta Girka ba hanyar raga ta nufa kai tsaye ba, Lukman Haruna ta buga ta canza hanya. A zagaye na biyu, ana 1 da 1, Yakubu Aiyegbeni ya sami ƙwallo daga shi sai mai tsaron gida, mai tsaron gidan ya ture, ta faɗo gaban Chinedu Obasi raga a buɗe, ya buga ta waje. Taye Taiwo ya ji ciwo aka cire shi, wanda ya canje shi, Uwa Echiejile, shi ma ya ji ciwo aka cire shi. Ƙwallon da ta kashe mu kuwa daga hannun Vincent Enyeama ta suɓuce kafin Torosidis ya ƙarasa ta, Enyeaman da in ba don shi ba da an yi mana ruwan ƙwallaye a ranar, har shi aka zaɓa gwarzon wasan. Kun ga mutum ɗaya a wasa ɗaya, shi ne gwarzo, kuma daga hannunsa ƙwallon da ta yanke hukunci ta fito. Da Obasi ya miƙe ƙafarsa daidai, da watakila yau jan katin Kaita ya zama ɗan labarin da ake ba da shi ana dariya.

Akwai kuma abin da ya faru tun kafin a shiga fili. Shu'aibu Amodu ne ya kai Nijeriya gasar, ya kuma ciyo mata matsayi na uku a gasar Afirka a Angola a farkon 2010, amma aka sauke shi aka ɗauko Lars Lagerback daga Suwidin saura wata huɗu a fara. John Mikel Obi, wanda ake sa ran shi zai riƙe tsakiya, ciwo ya hana shi zuwa. Kaita ɗan tsakiya ne mai tare hanya, amma a ranar ta gefen dama aka ajiye shi. Babu wanda ya kawo waɗannan maganganu a gidan kallon Gumel. Mutum ɗaya muke nema mu jibga wa kayan, ga shi kuwa ya fita yana rufe fuska a gaban idonmu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na 1994 ne, kuma a kanmu ya faru. Ran 5 ga Yuli, kusa da birnin Boston na Amurka, muna cin Italiya 1 da nema ta ƙafar Emmanuel Amunike, sai aka ba Gianfranco Zola jan kati minti 12 kacal da shigowarsa, ranar da ya cika shekara 28 da haihuwa. Italiya ta koma mutum goma, kamar yadda muka koma a 2010. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci kuma ya ci fenareti, suka fitar da mu. Zola ya tafi ya yi suna a Chelsea, ba wanda ke kiransa mutumin da ya kashe ƙasarsa, don kawai wani ya ci ƙwallo bayan fitarsa. Shi kuma Baggio, wanda ya ci ƙwallon nasara a kan Sifen, ya ci biyu a kan Bulgeriya, ya kai Italiya wasan ƙarshe kusan a kafaɗarsa, ran 17 ga Yuli ya buga fenareti sama da raga a gaban Brazil, shi ke nan abin da duniya ta riƙe. An manta Franco Baresi da Daniele Massaro sun riga shi zubarwa, an kuma manta ko da ya ci, Brazil tana da sauran bugu ɗaya a hannu.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin yadda ake kimanta abu. Je ka kara a Maigatari ka ga yadda mai saye yake yi da sa: zai buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi inda ya yi kiwo. Ban taɓa ganin dillalin da ya karya kuɗin sa don ya yi tuntuɓe sau ɗaya wajen saukowa daga mota ba. Haka manomi, ba a ce masa rago don fari ko tsuntsu sun cinye geronsa a damina ɗaya. In za a yi wa Kaita irin wannan duba, ga abin da za a tarar. An haife shi a Kano a 1986, ya buga wa Kano Pillars, daga nan ya wuce Sparta Rotterdam ta ƙasar Holan a 2005. Yana cikin samarin da Samson Siasia ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a wannan shekara, inda Lionel Messi ya ci mu da fenareti biyu. A 2008 kuma yana cikin waɗanda suka ciyo lambar azurfa a wasannin Olamfik na birnin Beijing. 'Yan wasa nawa ne daga Kano da Jigawa suka taɓa rataya lambar Olamfik a wuya? Aikinsa irin wanda ba ya fitowa a allon sakamako ne: ƙwace ƙwallo, toshe hanya, miƙa wa na gaba. Irin wannan ɗan wasa ba a lura da shi sai ranar da ya yi kuskure, ko ranar da babu shi.

Kwana biyar bayan wasan Girka, a birnin Durban, Yakubu ya zubar da wata ƙwallo yana tsaye a bakin raga a wasanmu da Koriya ta Kudu. Bayan 'yan mintoci aka ba mu fenareti, shi ɗin dai ya ɗauka ya ci, aka tashi 2 da 2, alhali da mun ci wasan da mun wuce. Ni a wurina ƙarfin zuciyar da ya sa ya sake ɗaukar ƙwallon nan ya fi nuna ko shi wane ne, amma wancan zubarwar ake nunawa har gobe.

Ikilisiya ma ta taɓa yin irin wannan gardama. A Ayyukan Manzanni, Yohanna Markus ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara, da aka kai Bamfiliya sai ya juya ya koma Urushalima. Da tafiya ta biyu ta zo, Barnaba ya so a sake tafiya da shi, Bulus ya ƙi, suka yi saɓani mai zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Bulus yana da hujja, yaron ya gudu a tsakiyar aiki. Amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus ɗin nan ne yake roƙo a zo masa da Markus saboda amfaninsa. A nan ni ɗan goyon bayan Barnaba ne, ko da yake a 2010 ban yi halinsa ba.

Ran Talatar da ta wuce na je gidan su yaron, aka ce yana gona suna ɓarar zoɓo da mahaifinsa, na bi shi can. Da farko ko kallona bai so yi ba. Na tambaye shi ƙwallo ɗayan da muka ci a ranar, wa ya miƙa wa wanda ya zura ta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ne. Na tambaye shi ina 'yan bayanmu biyu suke lokacin da ya mayar da ƙwallon. Ya ce sun hau gaba neman ta biyu, shi kaɗai aka bari. Na ce masa duk da haka bugun ya yi sanyi, a filin yashi ba a mayar da ƙwallo gida da gefen ƙafa, ya ce ya sani. Mahaifinsa, wanda bai ce komai ba tun zuwana, ya ɗago ya tambaya yaushe ne wasan ramuwa. Na ce masa Asabar ta sama, a filinsu, kuma na riga na rubuta sunan ɗansa a lamba 8.