Darasin Galadima: Ƙofar Intanet Sai Da Mai Gadi

A shekarar 1991, wadda a cikinta ne gwamnati ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda a yau kowa ke da iznin dubawa da gyarawa kyauta.

A 2007 ne ta iso makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, cikin ƙananan kwamfutocin XO na shirin ba kowane yaro kwamfuta guda. Cikinsu akwai sabuwar manhajar shiga intanet da aka gina bisa injin Firefox. Yara suka gwada ta, suka laƙance ta.

Sai dai cikin watan Yuli na shekarar, kafofin labarai suka ruwaito cewa wasu yaran sun leƙa shafukan batsa, har masu shirin suka ce za a sa matattara. Ga kuma tsadar intanet da ƙarancin lantarki.

Saboda haka, iyaye da malamai, manhaja kyauta ce, amma tarbiyya ba ta zuwa cikin kwali. Kafin a buɗe wa yaro wannan ƙofa, a tanadi mai gadinta, domin rigakafi ya fi magani.