Ranar Barin Gaɓa

Galibi a watan Janairu, sa'ad da sanyin hunturu ya lulluɓe tashar jiragen ruwa ta Sawsamton a ƙasar Ingila, akan ga matafiya sun yi cincirindo da akwatunansu domin shiga Queen Mary 2, jirgi mai tsawon mita 345, wanda safararsa kan kai kimanin kwana 100 bisa teku. Asalin wannan al'ada ta doguwar tafiyar zagaya duniya kuwa tun 1922 ne, lokacin da jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya bar Niyok, ya kewaya duniya cikin kwana 130.

Kafin a kwance igiyoyi, wajibi ne kowane matafiyi ya san wurin taruwarsa, ya koyi ɗaura rigar ceto, bisa ƙa'idar da aka soma shimfiɗawa bayan nutsewar Titanic a 1912. Daga nan ƙahon jirgi ya yi ruri, igiyoyi masu kauri su faɗa ruwa, gaɓa ta yi ta ja da baya har fitilunta su ɓace. A wannan sa'a, duk mai hankali kan tuna ƙanƙantarsa gaban ikon Mahalicci, ya yi tawakkali.