Ko ka sani? Injin askin ciyawar filin golf ɗan masaƙa ne

Injin da ke aske ciyawar filin golf har ta koma tsawon milimita 3 ko 4 kacal, a masaƙa aka haife shi, kuma yadi ya fara askewa kafin ya taɓa ganin ciyawa. A shekarar 1830, wani makaniki mai suna Edwin Budding, a ƙauyen Thrupp kusa da garin Stroud a Ingila, ya tsaya yana kallon na'urar da ke share gashin da ke tasowa a bayan yadin ulu idan an gama saƙa. Wuƙaƙe ne a murɗe jikin wata ganga mai juyawa, suna gogar wata wuƙa da ke kwance ba ta motsi. Sai ya ce a ransa, abin da ya iya daidaita fuskar yadi ai zai iya daidaita fuskar fili. Ya haɗa kai da John Ferrabee mai maƙerar ƙarfe a ƙauyen, suka ƙera, kuma a 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya karɓi izinin yin irinsa.

Wannan labari yana burge ni matuƙa, musamman da na tuna cewa Gusau garin auduga ne. Manoman Tsafe da Bunguɗu sun daɗe suna kawo auduga ana gurzawa a nan, ga kuma masaƙar Zamfara da aka kafa a shekarun 1960, wadda gidaje masu yawa suka ci abinci a cikinta. Duk tsohon ma'aikacin masaƙa da ka nuna wa cikin wannan inji, ina da yaƙinin ba zai ga baƙo ba.

Sirrin yana ga yadda yake yanka. Injin da aka fi gani a gidaje da ofisoshi yana da wuƙa ɗaya mai juyawa kamar farfela, tana sarar ciyawa da ƙarfin gudu. Na Budding kuwa datsa yake yi irin ta almakashin tela: ganye ya shiga tsakanin ƙarfe biyu, ƙaras. Ka tsinko ganyen ciyawar kiri-kiri kwana biyu bayan yanka ka duba bakinsa da kyau. Wanda aka sara za ka ga ya yi zare-zare, ya bushe ya yi fari-fari. Wanda aka datsa bakinsa a miƙe yake, kore shar, kuma ya fi saurin warkewa, cuta ba ta samun ƙofa. Shi ya sa har yau, kusan shekara 200, a kewayen ramin golf ba a sa wani inji sai jikan na Budding.

Kafin zuwansa, tumaki ne ke wannan aiki, sai mazaje masu dogon lauje da ke fitowa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Da injinan suka yi girma har sai doki ya ja su, sai aka riƙa ɗinka wa dokin takalman fata don kada kofatonsa ya ɓata fili. Doki da takalmi, saboda ciyawa! A filin Brora da ke arewacin Sukotland kuwa, tumaki da shanu sun daɗe suna kiwo ana wasa a tsakaninsu, sai dai a zagaye kewayen kowane rami da wayar lantarki. Shi dai wannan Budding ne ake danganta wa sifana mai buɗewa da tsukewa, wadda ba garejin da za ka shiga a Gusau ka rasa ta.

To, idan kaka ta yi a ƙasashen sanyi, wajen Satumba zuwa Nuwamba, mai kula da fili yakan ɗaga wuƙar injin da milimita ɗaya ko biyu. Ɗan wannan ƙarin ganye shi ke ba ciyawa damar tara abinci a saiwa kafin rana ta yi ƙaranci. Yakan rage taki irin na yuriya, domin ganye mai laushi shi cutar fumfuna ta fi kamawa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Sannan a shigo da injin huda, mai haƙora irin bututu, ya bi fili yana zaro 'yan guntayen ƙasa masu tsawon yatsa, a cike ramukan da yashi don iska da ruwa su kai ga saiwa. 'Yan wasa sukan yi ƙorafi, amma ƙasar da dubban ƙafafu suka tattake ba ta da wani magani.

Mu namu sanyin busasshe ne. Kiri-kirin da ke bakin fadama a Bunguɗu ita ce dai Turawa ke shukawa a filayen golf na ƙasashe masu zafi. Idan hunturu ya shigo takan yi ja kamar ta mutu, alhali ranta yana jijiyoyin da ke ƙarƙashin ƙasa, tana jiran ruwa. Mai kula da filin ƙwallo da ya aske ta ƙwal a watan Oktoba ya cuce ta, don ya raba ta da guzurinta.

Wasu filayen golf na Arewa kuwa wata dabara suka kama tun da can. A Rayfield da ke Jos, wanda aka buɗe a 1913, da filin Kano, an daɗe ana shimfiɗa yashi mai laushi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. Ba ban-ruwa, ba aski. Kafin ɗan wasa ya buga, sai a ja wani abin shara a kan yashin daga inda ƙwallo take zuwa bakin rami, a daidaita masa hanya.