Wa Ke da Ikon Zaɓen Waƙa a Cocin Ingila?

A Cocin Ingila, uwar cocin Angilika ta duniya, waƙar sujada tana da doka rubutacciya. Majalisar ƙoli ta cocin ce ke tsara dokokinta, amma sai sarki ya amince suke fara aiki, shi ya sa suke cikin dokokin ƙasa. Wadda ta shafi kiɗa da mawaƙa ita ce mai lamba B 20, kuma sakin layi uku ce kawai.

Dokar ta ce limamin ikilisiya ne ke naɗa mai kaɗa ogan ko shugaban mawaƙa, shi ne kuma ke sallamarsa, amma da yardar majalisar ikilisiya. Idan batun sallama ne, acidikin, wato babban limamin da ke kula da yankin, yana iya yafe sharaɗin neman yardar majalisar in ya ga hali ya kai ga haka. Wajen zaɓen waƙoƙi kuwa, wajibi ne liman ya saurari shawarar mai kiɗa da muhimmanci, sai dai magana ta ƙarshe tasa ce. An kuma ɗora masa nauyin tabbatar da cewa kalmomi da sauti sun dace da ɗakin Allah da jama'ar da suka taru, ya kuma kawar da duk wani rashin ladabi, ko a lokacin gwaji ne. Manyan majami'u na bishop-bishop suna bin nasu ƙa'idoji wajen naɗa mawaƙa.

A ganina wannan rabo ya yi adalci. Mai kiɗa ya fi liman sanin sana'arsa, don haka bai kamata a kore shi saboda saɓani na rana ɗaya ba. Amma abin da jama'a ke rerawa kowace Lahadi shi ke zama a zuciyarsu fiye da wa'azi, kuma wanda za a tambaya a kan koyarwa shi ne liman.

Tsoron abin da waƙa ke iya yi ya daɗe a cocin. A 1544 Akbishop Thomas Cranmer ya rubuta wa Sarki Henry na Takwas yana neman a riƙa ba kowace gaɓa sauti ɗaya, don kada ƙawa ta haɗiye ma'ana. Umarnin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya na 1559 ya yarda da waƙa matuƙar ana jin kalmominta sarai. A lokacin yaƙin basasar Ingila abin ya yi tsanani: a 1644 majalisar dokoki ta ba da umarnin a cire ogan daga majami'u a farfasa. Sai bayan dawowar sarauta a 1660 kiɗa ya dawo.

Ko bayan haka, shekaru da yawa Zabura ce kawai ake ɗauka halattacciya. Da wani liman na Sheffield, Thomas Cotterill, ya shigo da littafin waƙoƙin yabo da mutane suka tsara, sai wasu daga ikilisiyarsa suka kai shi kotun coci a York a 1820. Akbishop na York ne ya shiga tsakani. Cotterill ya janye littafinsa, aka buga wani ƙarami wanda akbishop ya amince da shi. Masu ƙarar sun yi nasara a kan littafi ɗaya, amma sulhun ya buɗe wa waƙoƙin yabo ƙofa, har zuwa 1861 da littafin Hymns Ancient and Modern ya fito ya bazu ko'ina.

Kayan kiɗan ma doka ta tsare su. Ikilisiyar da ke son cire tsohon ogan ko sayar da shi sai ta sami izinin kotun dayosis ɗinta, wato yankin bishop ɗinta.

Waɗannan dokoki ba sa hawa kan Angilikan Najeriya. Tun 1979 cocin Najeriya ke cin gashin kanta da nata dokoki, saboda haka mawaƙan Wusasa ko Kaduna ga bishop ɗinsu da ƙa'idojin cocinsu suke komawa idan saɓani ya taso.