Mai Zanen Lalle Ma Tana Iya Koyarwa A Jami'a

'Yan'uwana mata, a nan Mandera da kewayen Boɗinga da Shagari, in yarinya ta iya zanen lalle ko na ƙwarya, sai a yaba hannunta, shi ke nan. In kuwa ta cika littafinta da zane, sai ta sha faɗa. Alhali wannan baiwa tana da makaranta, har takan kai mace ga koyarwa a jami'a.

Ku dubi Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Malamar makaranta ce kamar ni kafin ta sami sukolashif a 1950, ta tafi Landan koyon zane. A 1955 ta fara koyarwa a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masu zane irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya a zamaninta suka yi karatu a can.

Yau hanyar ita ce digiri na farko, sannan na biyu, inda ɗaliba za ta yi bincike, ta rubuta kundi, ta baje aikinta gaban malamai. Mai son ƙarin girma a jami'a sai ta ɗora da digirin dakta. Kuma ba zanen mutane kaɗai ake koya ba, akwai zanen yadi da ginin tukwane.

Tafiyar da nisa, fenti da tsada, don haka matar aure ta shawarci maigida tun da wuri. Ku kuma iyaye, kada ku yaga littafin nan. Ku kai wa malamarta ta gani.