Ba Duk Abin Da Aka Samu Kyauta A Intanet Ne Ba Shi Da Mai Shi Ba: Jagora Ga Masu Ƙirƙirar Wasan Bidiyo

A watan Agustan 2016, wani ɗan ƙasar Ajantina mai suna Milton Guasti ya saki wasan bidiyo mai suna AM2R, bayan ya shafe kusan shekara goma yana gina shi a lokutan hutunsa. Wasan sabuntawa ne na Metroid II, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1991. Guasti bai sa masa farashi ba, kowa ya sauke kyauta. Duk da haka, cikin 'yan kwanaki Nintendo ya aika takardun gargaɗi ga shafukan da ke ɗauke da wasan, aka janye shi, daga baya Guasti ya sanar da daina aikinsa.

Wasan bai gaza ta fuskar fasaha ba, masu sharhi ma sun yaba shi. Abin da ya kayar da shi shi ne jarumar wasan da sunansa da duniyarsa duk mallakin wani ne. Wannan ne darasin farko ga duk mai gina wasa don sha'awa: kafin ya sa wani abu a cikin aikinsa, ya san wane ne mai shi, ya kuma san sharaɗin da aka ba shi a kai.

Manhajar gina wasa: sharuɗɗa na iya canzawa

Yawancin masu farawa suna zaɓar ɗaya daga cikin manyan manhajoji uku: Unity, Unreal Engine, ko Godot. Duka ukun ana sauke su ba tare da biyan kuɗi ba, amma yarjejeniyar kowacce daban ce.

Ranar 12 ga Satumban 2023, Unity ya sanar da cewa zai riƙa karɓar har santi 20 na dalar Amurka duk lokacin da wani ya sanya wasan da aka gina da manhajarsa a na'ura, muddin wasan ya samu dala 200,000 cikin shekara guda kuma an sanya shi sau 200,000. Abin da ya fi tayar da hankalin masu sana'ar shi ne tsarin zai shafi har wasannin da suka riga suka shiga kasuwa. Bayan ƙorafi mai zafi, kamfanin ya sassauta, shugabansa John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, sannan aka soke tsarin baki ɗaya a Satumban 2024. Dambarwar ta nuna cewa mai gini a filin aro yana ƙarƙashin ikon mai fili.

Unreal Engine, na kamfanin Epic Games, yana karɓar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da wasa ya samu bayan ya haura dala miliyan ɗaya. Sharaɗin bai cika shafar mai aikin sha'awa ba, sai dai manhajar tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Godot kuwa, wadda Juan Linietsky da Ariel Manzur suka buɗe wa jama'a a 2014, tana ƙarƙashin lasisin MIT. Babu kason da ake biya, babu kamfanin da zai iya janye izinin da aka riga aka bayar. Abin da kawai ake nema shi ne a saka rubutun lasisin a cikin wasan. Ba ta da nauyin saukewa, tana kuma aiki a kwamfuta matsakaiciya, abin da ke da muhimmanci ga mai lissafin data da wutar lantarki.

Zane, sauti da haruffa

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Hoton da ya fito a binciken Google, ko kiɗan da aka ciro daga YouTube, yana da mai shi ko da ba a rubuta suna a jikinsa ba. Waƙar fim ɗin Hausa ma haka take: jin ta a kowane shago bai mayar da ita ta kowa ba.

Shafuka irin su OpenGameArt da Freesound suna ba da kaya ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda yake da rassa. CC0 na nufin mai abin ya yafe haƙƙinsa, a yi yadda aka ga dama, kuma yawancin zanukan da shafin Kenney ke rabawa irin wannan ne. CC BY yana buƙatar a ambaci sunan mai aikin. CC BY-SA ya ƙara da cewa duk abin da aka sarrafa daga aikin a sake shi da irin wannan lasisi. CC BY-NC kuma ya haramta amfanin kasuwanci, don haka wanda ke shirin sayar da wasansa ko saka talla a ciki gara ya nisance shi tun farko.

Mai son yin nasa zanen yana da Krita da GIMP, da Blender don siffofi masu kauri, da Audacity don gyaran sauti, duk kyauta, kuma abin da ya ƙirƙira da su nasa ne. Salon haruffa ma yana da lasisi. Waɗanda ke ƙarƙashin lasisin OFL, kamar Noto Sans da Andika, an yarda a saka su a wasan sayarwa, kuma suna ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, abin da mai rubuta wasansa da Hausa zai fara dubawa.

Zanen da ƙirƙirarriyar basira ta samar yana da nasa rikicin. A Fabrairun 2023, Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi ba da kariya ga hotunan littafin Zarya of the Dawn saboda manhajar Midjourney ce ta samar da su. Tun Janairun 2024 kuma, kasuwar wasanni ta Steam tana buƙatar mai wasa ya bayyana inda ya yi amfani da irin wannan fasaha.

Me doka ke karewa?

Galibi haƙƙin mallaka ba ya kare dabara ko ƙa'idar wasa, yana kare yadda aka bayyana ta ne. Amma iyakar siririya ce. A 2012, wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin Xio hukunci saboda wasansa Mino ya kwaikwayi kamannin Tetris ƙwarai. Mai son mayar da dara ta zama wasan waya yana iya yi da zanensa da sautinsa, abin da ba zai yi ba shi ne kwafe fuskar wasan wani.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, tana kare aiki tun daga lokacin da aka samar da shi, ba sai an yi rajista ba. Dokar ta kuma ba kayan gargajiya irin su tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya kariya idan za a yi kasuwanci da su, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke da ikon ba da izini.

Kafin a kai kasuwa

Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu, Apple dala 99 duk shekara, Steam kuma dala 100 ga kowane wasa. Shafin itch.io ba ya karɓar kuɗin ɗorawa. Kowace daga cikin waɗannan kasuwanni tana iya janye wasa idan mai haƙƙi ya kai ƙara, kuma kuɗin da aka kashe da lokacin da aka ɓata ba sa dawowa.

Kariya mafi sauƙi ita ce kundi. Daga ranar farko, mai wasa ya rubuta kowane hoto da sauti da salon harafi da ya ɗauko, da inda ya samo shi, da sunan mai shi, da lasisinsa, da ranar saukewa, ya kuma adana hoton shafin. Idan aboki ne ya yi masa zane ko kiɗa, su rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, su fayyace wanda ya mallaki aikin da yadda za a raba abin da aka samu. Tun ran gini, tun ran zane.