Jirgin Bututu Maras Iska: Yiwuwarsa da Tsadarsa a Ma'aunin Jihar Katsina

Abin da ke rage wa jirgin ƙasa gudu abu biyu ne: gogayyar ƙafafunsa da dogo, da kuma turjiyar iska. Fasahar Hyperloop, wadda Elon Musk ya gabatar a 2013, ta yi nufin kawar da duka biyun. Za a zuƙe iskar da ke cikin dogon bututun ƙarfe har ta rage kusan kashi ɗaya cikin dubu, sannan taragon fasinja ya yi shawagi a ciki ba tare da taɓa dogo ba, yana gudun kimanin kilomita 1,200 a awa. Musk ya ƙiyasta dala biliyan 6 za su isa a haɗa Los Angeles da San Francisco.

A aikace lamarin ya sha bamban. A Nuwamba 2020 kamfanin Virgin Hyperloop ya gwada ɗaukar mutum biyu a bututu mai tsawon mita 500 a jihar Nevada ta Amurka, gudun bai wuce kilomita 172 a awa ba. A ƙarshen 2023 kamfanin ya rufe.

Idan aka ɗora fasahar a ma'aunin Jihar Katsina, matsaloli uku ke bayyana. Na farko, zafi. Kowace kilomita ta ƙarfe tana miƙewa da kusan milimita 12 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Bututu mai tsawon layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wato kilomita 284, zai miƙe da kusan mita 100 tsakanin daren hunturu da tsakar ranar bazara, kuma dole kowace mahaɗa ta jure wannan ba tare da iska ta kutsa ba. Na biyu, lantarki: injinan zuƙar iska suna buƙatar wutar da ba ta yankewa. Na uku, tsaro. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022 ya dakatar da zirga-zirga na watanni. A bututu kuwa, huda ɗaya na iya tsayar da layin baki ɗaya.

Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil a 2021 kan kusan dala biliyan 2, zai ɗauki mutane da kaya, ya tsaya a Daura, Katsina da Jibiya. Jirgin bututu kuwa ribarsa tana ga doguwar tafiya ba tsayawa.

Saboda haka, ga manomin 'Yargoje, Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, wanda matsalarsa ita ce kai masara kasuwar Funtuwa lafiya, gyaran hanyoyin karkara da farfaɗo da tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda sun fi kusa da buƙatarsa, sun kuma fi arha nesa ba kusa ba.